Kafin Mai Fenti Ya Taɓa Allon Shagonka

Duk wanda ya ratsa Moshi Zango zuwa Kejetia yana karanta allunan shaguna zai ga cewa yawancin kurakuran Turancinmu kunne ne ke jawo su. Muna rubuta abin da muka ji, shi kuwa Turanci ba ya bin lafazi.

Mu Hausawa matsalarmu ta farko "p" da "f" ce. Mai sayar da fanka sai ya rubuta pan maimakon fan, ya koma mai sayar da kasko bai sani ba. Haka ake rikita pull da full. Wanzami da mai kitso, ku lura: salon ne wurin gyaran gashi, saloon kuwa mashaya ce ko wata irin mota. Mai littattafai da biro stationery yake sayarwa, da "e". Mai "a", wato stationary, abin da ke tsaye ne ba motsi.

Ɗalibai masu shirin BECE da WASSCE, rubutun Ingila ake koyarwa a makarantun Ghana: colour da centre, ba color da center na Amurka ba. Wayarku na iya sauya muku su a ɓoye, don haka ku duba harshen da aka saita ta a kai. Kuma lose hasara ce, loose kuwa sako-sako.

Sai batun suna. In Mohammed ne a Ghana Card, kada ya zama Muhammad a takardar makaranta ko fasfo, domin gyaran yana cin kuɗi da zirga-zirga. Allon shago kuwa, rubuta kalmomin a takarda, ka ba malamin makaranta ya duba kafin ka biya mai fenti.