DARASI: TARIHIN GIDAJEN REDIYO NA BIRNIN YAMAI

A da, labarin Yamai yana daɗewa bai kai ƙauye ba. Sai matafiyi ya zo, ko ranar kasuwa, ko sarki ya sa an yi shela. Yau manomi yana bakin gona, yana jin abin da ake faɗi a babban birni. Wannan darasi zai nuna yadda aka faro.

Murya guda

An buɗe gidan rediyo na farko a Yamai cikin shekara ta 1958, ana kiransa Rediyo Nijar. Lokacin nan ƙasa tana hannun Faransa, sai ran 3 ga watan Agusta 1960 ta samu mulkin kai. Akwatin rediyo yana da tsada, a gari guda ba a fi samun ɗaya ko biyu ba. Da maraice mutane su taru a ƙofar mai akwati, su yi shiru, su saurara.

Cikin shekara ta 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu saurare, waɗanda ake ce wa rediyo-kulob. Ga yadda suke aiki. Mutanen gari su taru su ji shiri a kan noma, ko kiwo, ko lafiyar yara. In an gama, su yi shawara. Mai kula da kulob ya ɗauki maganarsu a na'ura, ya aika Yamai. Bayan kwanaki, talaka ya ji muryarsa tana fitowa daga akwati. Nan ne rediyo ta koyi sauraren jama'a.

Cikin 1974, bayan da soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kunce, aka sake wa gidan suna, ya zama Muryar Sahel. Ban da Faransanci, yana magana da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci, da waɗansu harsunan ƙasa.

Rediyo da wasanni

Ba labarin gwamnati kaɗai ya sa mutane suka so rediyo ba. Wasanni ma sun ja su. Cikin 1972 ɗan dambe Isaka Dabore ya ci lambar tagulla a wasannin Olimpik na birnin Munik, ƙasar Jamus. Babu talabijin a gidaje, don sai 1979 aka buɗe Tele Sahel. Rediyo ce ta kai wannan albishir ƙauyuka.

Cikin 1975 aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa. Kantu na Maraɗi shi ya ka da kowa. Tun daga nan kokowa ta zama babban shirin shekara. Mai ba da labari yana bakin fili, yana faɗin kowane kamu da kowane kaye. Wanda ke Gure ko Doci yana jin kiɗa da kirari kamar yana wurin. Haka nan ƙwallon ƙafa. Cikin 2010 ƴan wasan Mena suka ci Masar ɗaya da babu a Yamai, cikin 2012 kuma suka je gasar kofin Afirka karo na farko.

Muryoyi da yawa

Shekara talatin da ƴan kai, gidan gwamnati shi kaɗai ke magana daga Yamai. Abin da bai faɗa ba, sai a nema a tashoshin waje. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka ba mutane izinin buɗe nasu. R&M ta fara cikin 1994, Anfani ta biyo cikin 1995, daga baya Tenere da Sarauniya suka fito. Sun kawo labarin unguwa da na kasuwa, sun ba ƴan adawa dama su yi magana.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Cikin 1996 soja suka rufe Anfani na ɗan lokaci, cikin 1997 kuma aka farfasa kayan aikinta. Duk da haka ta koma aiki.

Waɗannan sababbin gidaje suna aiki da zangon FM. Muryarsa tana fita tas, amma ba ta tafiya nesa kamar gajeren zango. Shi ya sa Anfani ta buɗe rassa a Damagaram da Maraɗi.

Abin lura

Da murya guda ce, mai saurare ba shi da abin gwadawa. Da muryoyi suka yi yawa, aiki ya koma kansa. In ya ji labarin kuɗin taki, ko ranar rigakafi, ko wata fitina, kada ya yi gaggawar yaɗawa. Ya ji gida biyu ko uku tukuna. Ya lura da wanda ya faɗa, da wurin da abin ya faru, da rana. Wanda ya iya rubutu ya rubuta su, don kunne yana mantuwa.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe Rediyo Nijar?
2. Yaya rediyo-kulob ke aiki?
3. Wa ya ci kokowar 1975, kuma a wane gari?
4. Don me ya kamata a ji gida fiye da ɗaya?