Yadda iskar mai faci ke zama ƙara mai huda kunne

Mazauna Zangon Agege sun saba da rugugin jirage, domin masu sauka a filin jirgin Murtala Muhammed daga arewa ta saman unguwar suke bi. Sai dai jiragen fasinja ba sa kai gudun sauti, wato kusan kilomita 1,235 a awa. Iskar da ke zarce wannan gudu ta daki ƙarfe a nan ƙasa take, a hannun masu faci na bakin titi, daga Pen Cinema har Oko-Oba.

Da matsi ake farawa. Injin mai faci yana cusa iska cikin tanki, kuma da zarar matsin ciki ya kusa ninka na waje sau biyu, duk iskar da ta samu ƙaramar kafa da gudun sauti za ta fito. Tayar ƙaramar mota ma, wadda ake hura wa 32 a ma'auni, ta wuce wannan iyaka, balle tankin da ya cika ta. Iskar tana barin bakin bututu sai ta buɗe, ta ɗan zarce sauti, gefenta yana gugar iskar da ke tsaye, ƙananan guguwoyi suna tashi a jere.

In babu abin da ya tare ta, shuuu kawai za a ji. Amma yaron shago ya kan kanga bututun a jikin rim ko kan injin babur don kakkaɓe ƙura, kuma a nan abin ke canjawa. Kowace guguwa ta daki ƙarfen sai ta tarwatse da ƙara. Ƙarar ta koma baya ta gefen iskar har bakin bututu, ta girgiza shi, girgizar ta haifi sabuwar guguwa, ita ma ta je ta daka. Haka za su yi ta kai da komo sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, har ƙarar ta tattaru a murya guda siririya, fiton nan da ke sa mai wucewa ya toshe kunne. Wani masani ɗan Ingila, Alan Powell, shi ya bayyana irin wannan zagaye a 1953. Zagayen ne kuma ya addabi masu ƙera jirgin yaƙi na Harrier, mai tashi a tsaye yana feso iska ƙasa, domin irin wannan girgiza tana gajiyar da ƙarfen jirgi.

Maganin kuwa a katse zagayen. A Amurka, hukumar NASA ta riƙa kwarara ruwa kusan galan 300,000 a dandalin harba kumbonta cikin ƙasa da minti ɗaya, don ruwan ya shanye ƙarar kafin ta dawo kan kumbon. Mai faci bai buƙaci ko bokiti ba. Ya fara da rage matsi, domin kakkaɓar ƙura ba ta buƙatar cikar tanki. Sannan ya ja bututun baya, tunda fiton ya fi tsanani idan baki ya matso dab da ƙarfe. Ya kuma karkata shi, kada ya daka kai tsaye, sai ƙarar ta bi gefe. Bakin bututu mai ƙananan huji da yawa kuwa ya fi mai huji ɗaya sauƙin ƙara nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna yaran da ke koyon sana'ar ne, don su ke riƙe bututun, kunnensu dab da shi. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma wannan fito yana haye ta cikin sauƙi. Ƙwayoyin ji na cikin kunne ba sa sake tsirowa in sun mutu, ɓarnar kuma a hankali take zuwa, sai yaro ya fara jin ƙugi da dare ko yana ta cewa a maimaita magana. Maigida ya sai wa yaransa abin toshe kunne na roba, ya tabbatar sun sa kafin a tada injin.