Darasi na Tara: Matuƙan Jiragen Sama da Zaɓen Wurin Aiki

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda matuƙan jiragen sama a ƙasar Amurka suke yanke shawara idan manyan kamfanoni biyu ko uku suka yi musu tayin aiki a lokaci guda. An zaɓi batun ne domin ya zama matanin karatu da fahimta, kuma domin ɗalibi ya ga yadda za a yi bayanin baƙuwar sana'a da ingantacciyar Hausa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka zaɓin ba wuya, wato a bi inda albashi ya fi tsoka. Amma wanda ya san sana'ar ya san takardar da matuƙi zai sa wa hannu tana iya ɗaure shi shekara talatin ko fiye, kuma idan ya yi kuskure, gyaran yana da tsadar gaske.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ma'anar jerin daɗewa da tasirinsa a rayuwar matuƙi;
ii. kawo abubuwan da matuƙi yake aunawa kafin ya karɓi aiki;
iii. amfani da keɓaɓɓun kalmomin darasin wajen koyar da insha'i.

3.1 Hanyar Kaiwa ga Tayin Aiki

Ba a wayi gari matuƙi ya tsinci kansa a babban kamfani ba. Bayan haɗarin wani ƙaramin jirgin fasinja kusa da birnin Buffalo a watan Fabrairu na 2009, wanda ya ci rayuka 50, an tsaurara doka. Tun daga 2013 ana bukatar mai neman aiki a kamfanin fasinja ya tara sa'o'in tuƙi 1,500, sai dai akan rage wa tsofaffin matuƙan soja da waɗanda suka yi digiri a fannin. Yawancin matuƙa sukan tara sa'o'in ne ta hanyar koyar da tuƙi, sannan su yi wasu shekaru a ƙananan kamfanonin yanki, kafin su ɗaga ido zuwa ga manya irin su Delta da United da American da Southwest, ko masu jigilar kaya irin su FedEx da UPS.

A lokacin annobar korona a 2020 kamfanoni sun lallashi matuƙa masu yawa su yi ritaya da wuri. Da tafiye-tafiye suka farfaɗo, sai aka shiga ɗaukar sababbi da gaggawa a 2022 da 2023, har ya zama mutum ɗaya yana riƙe da takardun tayi biyu ko uku. Ɗaukar ta lafa a 2024.

3.2 Jerin Daɗewa

Jerin daɗewa shi ne ginshiƙin wannan sana'a a Amurka. Ranar da matuƙi ya fara aiki ake ba shi lamba a ƙarshen jerin matuƙan kamfanin. Da wannan lamba yake neman komai: irin jirgin da zai tuƙa, da garin da zai zauna, da ranakun hutunsa, da lokacin da zai tashi daga kujerar mataimaki ya koma ta kyaftin. Idan mutum biyu suka nemi abu ɗaya, wanda ya riga shiga shi ne zai samu, ko da kuwa da kwana ɗaya ya riga. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi.

Daɗin daɗawa, idan kamfani ya shiga matsi ya rage ma'aikata, daga ƙasan jerin ake farawa. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa shi ne lambar ba ta bin mai ita zuwa wani kamfani. Kyaftin ɗin da ya shekara ashirin a wuri ɗaya, idan ya sauya sheƙa, sai ya koma mataimaki a ƙarshen jeri, da albashin shekarar farko, a bayan matasan da wataƙila shi ya koya musu tuƙi. Likita ko malami yana iya tafiya da ƙwarewarsa a biya shi gwargwadonta a sabon wuri, amma matuƙi ba shi da wannan dama.

Hawa sama a jerin ya dogara ne da abu biyu: yawan waɗanda suke gabansa da za su yi ritaya, da kuma sababbin jiragen da kamfani zai saya. A watan Disamba na 2007 aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, sai hawan na ƙasa ya yi tsaiko na kimanin shekara biyar. Saboda haka matuƙi mai lura yakan tambayi adadin waɗanda za su yi ritaya cikin shekara goma masu zuwa tun kafin ya tambayi albashi.

3.3 Mazauni da Albashi da Irin Jirage

Kowane kamfani yana da garuruwan da matuƙansa suke fara aiki kuma suke ƙarewa, su ne ake kira mazauni. Delta yana da Atlanta da Detroit da Minneapolis, United yana da Chicago da Denver da Houston, American kuma yana da Dallas da Charlotte da Miami. Wanda gidansa ba ya cikin mazauninsa dole ya riƙa neman kujerar da ba kowa a jirgi domin ya isa wurin aiki, wani lokaci kwana guda kafin tashi. Sabon matuƙi kuwa yakan fara ne da zaman ko-ta-kwana, yana jiran a kira shi, don haka sai ya haɗa kuɗi da abokan aiki su kama ɗakin haya kusa da filin jirgi. Waɗannan kwanaki daga rabon iyalinsa ake cire su.

Albashi kuma da sa'a ake lissafa shi, kuma farashin sa'ar ya danganta da girman jirgi, da kujerar da mutum yake kai, da shekarunsa a kamfanin. Ƙungiyoyin ƙwadago ne suke ƙulla yarjejeniyar. A watan Maris na 2023 matuƙan Delta suka amince da ƙarin kashi 34 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu, kuma kafin shekarar ta ƙare American da United sun bi sahu da yarjejeniyoyi masu kama da ita. Wannan ya nuna tazarar albashi tsakanin manyan kamfanoni ba ta daɗewa, domin duk wanda ya yi gaba sauran sukan cim masa.

Irin jirage ma abin dubawa ne. Southwest jirgin Boeing 737 kaɗai yake amfani da shi, don haka mai burin tuƙa manyan jirage zuwa Turai ko Asiya ba nan zai nufa ba. FedEx da ke da cibiya a Memphis da UPS da ke Louisville yawancin aikinsu da dare ne, abin da ba kowane jiki yake jurewa ba.

3.4 Ɗorewar Kamfani

Tun da lambar matuƙi a cikin kamfani take rayuwa, mutuwar kamfani ita ce mutuwar lambar. Bayan dokar 1978 da ta sakar wa kamfanoni mara a kan farashi da hanyoyi, gasa ta tsananta. Braniff ya durƙushe a 1982, Eastern da Pan Am kuma a 1991, alhali a zamaninsa Pan Am shi ne wurin da matuƙa suke mafarkin samu. A 2001 American ya sayi TWA, aka jera da yawa daga matuƙan TWA a ƙasan jeri, kuma da aka zo rage ma'aikata bayan harin 11 ga Satumba, su ne a bakin ƙofa. United ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2002, Delta da Northwest a 2005, American a 2011. Wasu matuƙan sun rasa babban kaso na fanshon da suka dogara da shi. Makamancin haka ya faru a Nijeriya, inda Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, ma'aikatansa suka shafe shekaru suna jiran haƙƙinsu.

3.5 Misali

A ɗauka wani matuƙi ne ɗan shekara 30, gidansa da iyalinsa suna Houston. Kamfani na farko ya kira shi ya fara a watan gobe, amma ba shi da mazauni a garin. Na biyu yana da mazauni a Houston, sai dai gurbinsa sai bayan wata huɗu. Idan ya jira, duk waɗanda aka ɗauka a kamfanin na biyu cikin watannin nan za su kasance a gabansa har ƙarshen aikinsu. Idan ya karɓi na farko, zai samu lamba da wuri, amma yana iya shafe shekara 35 yana zirga-zirga tsakanin gida da wurin aiki. Wasu sukan fara da na farko, su koma na biyu idan lokaci ya yi, tun kafin su tara abin da za su yi asara. Bayan shekara biyar ko goma kuwa, sauyin yakan gagara.

4.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Jerin daɗewa: tsarin jera matuƙa bisa ranar fara aiki.
Mazauni: garin da aikin matuƙi yake farawa kuma yake ƙarewa.
Zaman ko-ta-kwana: jiran kira domin maye gurbin wanda bai samu zuwa ba.
Kyaftin: shugaban matuƙa a cikin jirgi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa albashin ranar farko shi ne mafi saurin sauyawa a cikin abubuwan da matuƙi yake aunawa. Lambarsa a jerin daɗewa, da garin da zai zauna, da ƙarfin kamfanin, su ne suke bin sa har ritaya. Yana da kyau malami ya ja hankalin ɗalibansa ga yadda aka gina matanin, wato an kafa dalili ɗaya a sashe na 3.2, sannan sauran sassan suka rataya a kansa.

6.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa kyaftin da ya daɗe a kamfani ba ya saurin sauya wurin aiki?
2. Bayyana tasirin dokar ritaya ta 2007 a kan ƙananan matuƙa.
3. Da kai ne matuƙin da ke cikin misalin 3.5, wane kamfani za ka zaɓa? Kawo hujjoji uku.
4. Rubuta insha'i mai kalmomi 300 a kan malamin da makarantu biyu suka yi wa tayin aiki, ka nuna inda halinsa ya yi kama da na matuƙi da inda ya bambanta.