Kafin Ka Karɓi Yadin Mutum

Ɗana, na ji ka buɗe shagonka, ga shi kuma Sha'aban ya kama. Allah Ya sanya albarka. Matso kusa in faɗa maka abin da zaman kan keke ya koya mini.

Tela ba ranar jajibere yake saɓa alkawari ba. Tun ranar da ya miƙa hannu ya karɓi yadin da ya fi ƙarfinsa maganar ta lalace. Don haka ka fara sanin hannunka. A ce kaftani biyu kake gamawa a wuni, har da guga da sa maɓalli. Azumi kwana 29 ne ko 30, amma kai da 29 za ka yi lissafi, domin da yammacin ranar 29 ɗin ana iya ganin wata, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, gari ya waye Sallah. Cire Juma'o'i, cire ranakun da za a ɗauke wuta, cire la'asar ɗin da ƙishirwa ke kashe jiki, ka tuna da tahajjudin goman ƙarshe. Da ƙyar kwana 20 cikakku za su rage maka, wato kaftani 40. Na 41, ko na surukinka ne, ba shi haƙuri ka nuna masa wani telan.

Ka ajiye littafi. Suna, awo, ranar karɓa, sannan ka yanki ɗan ƙyallen yadin ka maƙala da allura a gefen sunan. Idan ka ce wa mutum Alhamis, a ranka ka sa Litinin.

Abin da ya fi kayar da mu shi ne aikin da ke fita daga hannunmu. Babbar riga sai ta je wurin mai aikin wuya, shi ma layi ne a gabansa. Ita za ka fara yankawa ka tura, ko da ita ce ta zo daga baya. Zare da shafi da maɓallai kuwa, shiga Kantin Kwari ka sayo tun kafin a ɗauki azumi, da kuɗin kafin alƙalamin da aka ba ka. Kuɗin nan na aiki ne, kada ya tafi cefane.

Wata shekara wani bawan Allah ya kawo mini shadda ta 'ya'yansa uku. Littafina ya cika, amma kunya ta hana ni cewa a'a. Na kwana a kan keke, na gama biyu. Da hantsi, ana ta wucewa filin Idi, sai ga ƙaramin riƙe da hannun ubansa, sabuwar hula a kansa, tsohuwar riga a jikinsa. Ya leƙa ya ga shaddarsa a yanke kan tebur, ko hannu ba a haɗa ba. Uban bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam, da ka faɗa mini." Har yau idan na tuna sai zuciyata ta sosu.

To, ranar da ka duba littafi ka ga lissafi ya ƙi, kada ka kashe waya, kada ka sa yaron shago ya ce ba ka nan. Kira mai kaya da kanka tun da sauran mako guda, ka mayar masa da yadinsa da kuɗinsa, ya samu inda zai kai.