Karan Dawa da Asid: Ina Gaskiyar Maganar?

TAMBAYA: Ɗana da ke karatun kimiyya a Dutse ya ce yanzu ana jiƙa karan dawa da ɓuntun shinkafa cikin asid, a fitar da wani gari mai tsada. Mu nan wasu har ƙona kara suke yi lokacin sharar gona. Da gaske ne? Ruwan batir zai yi?
Manomi, Unguwar Ya

AMSA: Ɗanka ya faɗi gaskiya. A jikin kowane tsiro akwai zaren da masana ke kira selulos. Auduga kusan kashi 90 cikin ɗari shi ne, ɓuntu kuwa wajen sulusi. Zaren nan wani sashe a tsare yake, a matse, wani a hargitse. Asid yakan fara cinye hargitsattsen, ya bar ƴan siraran ƙwayoyi masu tauri, tsawonsu nanomita 100 zuwa 300, su ne garin da ɗanka yake faɗa. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000.

Bengt Rånby, ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana hanyar a 1949. A 2012 kamfanin CelluForce ya buɗe masana'anta a Kanada mai iya fitar da tan ɗaya a rana, daga itace. Ana zuba garin cikin siminti, fenti da ruwan haƙar mai.

Batun ruwan batir kuwa, kada ka soma. Asid ɗinsa da na wannan aikin ɗaya ne, shi ya sa rigar mai cajin batir ba ta rabuwa da huji, amma ƙarfinsa bai kai ba. Aikin yana son asid mai ƙarfin kashi 64, a zafin digiri 45, na ƙasa da awa ɗaya. Kafin nan sai an dafa karan da soda, an wanke shi ya yi fari fat. In zafin asid ɗin ya zarce, sai zaren ya narke ya zama sukari ko ya ƙone baƙi ƙirin. Sannan a yi ta ɗauraya, ruwan ɗaurayar kuma in ya shiga gona ya kashe ta.

Ka ga ba kara ne mai tsadar ba. Kuɗin yana wajen injina, wutar lantarki da tace asid a sake amfani da shi, shi ya sa har yau masu yi ba su da yawa.

Shawarata, a daina cinna wa kara wuta. Shanu na ci da rani, ana darni da shi, ragowar kuma ta ruɓe ta zama taki. Shi kuma yaron, in yana sha'awa, ya kai damin kara ɗakin gwaji na makarantarsu, ya gwada a gaban malamansa.