Sikeli da Kwano: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

Ya kai ɗan'uwa mai sana'a a Fagge da Sabon Gari, ka sani cewa daga ranar da ka ɗora sikeli a kan tebur ka fara auna wa jama'a kaya, hukuma ta sami ta cewa a kansa, ko da kuwa da guminka ka saye shi.

Dokar da ke kula da wannan ita ce Dokar Awo da Ma'aunai ta 1974, wadda aka kafa a zamanin Janar Yakubu Gowon. A shekarun nan ne Nijeriya ta bar laba da oza da galan ta koma kilo da lita da mita, kamar yadda ta bar fam da sule ta koma naira da kobo a 1973. Tsarin mulkin 1999 ya bar sha'anin awo a hannun gwamnatin tarayya, aikin kuma yana wuyan Sashen Awo da Ma'aunai na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Sufetocinsa suna da ikon shiga shago su gwada sikeli da duwatsun awon da aka tabbatar da nauyinsu. In ya yi daidai a buga masa hatimi, in ya kauce a hana aiki da shi har sai an gyara, wani lokaci ma a ƙwace shi. Ciniki da ma'aunin da ba daidai ba laifi ne, haka kuma ciniki da wanda ba a tantance ba.

To, a nan ne mutanen kirki da yawa ke faɗawa cikin tauye awo ba da niyya ba. Dubi sikelin mahauci ko na mai kaji a Kasuwar Abubakar Rimi. Da sabonsa allurar tana tsaye cak a kan sifiri. Bayan ya sha rana da ƙura da ruwan nama, wayar da ke cikinsa ta saki, sai ka ga allurar ta gota tun ba a ɗora komai ba. A ce giram 50 kacal ta gota. Mai auna kilo 40 a yini, kilo ɗaya-ɗaya, ya ci wa jama'a kilo 2 ke nan kullum, alhali yana rantsuwa bai taɓa cutar kowa ba. Sikeli mai batir ma ba ya tsira: teburi mai karkata ko batir mai rauni na iya sa shi ƙarya. Don haka kowace safiya ka duba sifirinka, in kuma za ka auna kaya cikin roba ko tire, ka fitar da nauyin mazubin tukuna. Mai cika tukunyar gas, wannan magana da kai ake. Wanda ya biya kuɗin kilo 12.5, gas ya saya, nauyin ƙarfen tukunya ba ya cikin lissafi.

A Kantin Kwari rigimar ta yadi da mita ce. Yadi santimita 91.44 ne, mita kuwa santimita 100. Wanda aka ce masa mita biyar aka auna masa yadi biyar ya yi asarar fiye da santimita 40, kuma ba zai gane ba sai tela ya ce hannun riga bai fita ba. Ka faɗa wa mai saye da wanne kake awo, ka auna a kan sanda ko tef a gabansa, ban da jan yadi har ya miƙe. 'Yan kasuwar Singa kuma su tuna, buhun da aka rubuta kilo 50 a jikinsa dole a samu kilo 50 a cikinsa. Farke shi a tsakuri kwano ɗaya a sake ɗinkewa ha'inci ne tsagwaronsa.

Gidajen mai suna da ƙarin mai sa ido, wato hukumar NMDPRA da ta gaji DPR a 2021, tana kuwa rufe famfon da aka kama yana rage lita.

Kwano da mudu da gwangwani su ne masu wuyar sha'ani, domin al'ada ce ke riƙe da su, kuma da su talaka ke sayen abincinsa. Kowa ya san kwanon da aka bubbuga gindinsa ya taso, da wanda aka datse bakinsa, da mai awon da ke da kwano biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Sai ya tauye ka sannan ya ɗebo 'yar gyara ya zuba, ka tafi kana godiya! A ganina, shugabannin kasuwa da na kowane layi su ne maganin wannan. Su ajiye kwano ɗaya da kowa ya yarda da shi a ofishin ƙungiya, duk wanda ake tantama da nasa a gwada a gaban jama'a. Musulmin Kano bai rasa sanin nauyin abin ba, ga Suratul Muɗaffifina, ga labarin mutanen Annabi Shu'aibu.

Kai kuma mai saye, ka nemi ganin hatimi, ka tsaya inda za ka ga allura. In an tauye ka, fara da shugaban layi. In abin ya faskara, ka kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano ko ofishin awo na tarayya, ka riƙe rasitinka, kayan kuma ka bar su yadda aka ba ka har a sake aunawa.