Baffa da Gonarsa

Rimin Gado gari ne a yamma da birnin Kano, a kan hanyar Gwarzo. In ka bi wannan hanya da damina, da wuya ka ga daji. Gona ce manne da gona, ba abin da ya raba su sai ciyawar iyaka ko 'yar hanyar ƙafa. Mutane suna ta ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. In magidanci ya rasu, sai a raba gonarsa ga magada. In su ma suka rasu, a sake rabawa. Da haka gandun da ya ci da gida guda a zamanin kakanni yakan koma ƙananan filaye, waɗanda ba su cika rumbu. Don haka samari da yawa sukan tafi birni neman kuɗi, amma zuciyarsu tana gida.

Ɗaya daga cikinsu shi ne ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa. Sa'ad da kakanmu ya rasu, Baffa ya sami 'yar gona mai gawo guda a tsakiyarta. Ba a daɗe ba hatsi ya ƙare a gida, ga tsohuwarsu ba lafiya, ga kuma haraji. Sai ya jinginar da gonar ga wani maƙwabci. To, yara, kun san jingina? Mutum ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonarsa. Mai kuɗin ya yi ta nomanta, yana cin amfaninta, har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Ba sayarwa ba ce, amma sau da yawa gonar ba ta dawowa.

Da zai tafi, ya ce wa mahaifina, “Yaya, rani biyu kaɗai zan yi, in dawo in fanshi abina.”

Ya isa Kano bayan samun mulkin kai na 1960 da 'yan shekaru. A wannan zamani gyaɗa ita ce arzikin ƙasar. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka shiga sayenta, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna a cinikinta. Ana ɗura ta a buhu, a jera buhu a kan buhu har ya yi tsini, shi ake kira dalar gyaɗa. Daga nan jirgi ya kwashe zuwa Ikko, wato Legas, a kai Turai a matse mai. Baffa ya shiga cikin 'yan dako. Ya ɗora buhu a ka, ya hau dala, ya sauke, ya sauko ya ɗauki wani, tun safe har la'asar. Abin da ya fi damunsa ba nauyin ba ne. Kullum yana ɗauke da gyaɗar da wasu suka noma, shi kuwa ba shi da ko kunya ɗaya.

Rani biyu suka wuce, suka zama goma. Kuɗin lebura kamar ruwa ne a kwando. Ya biya hayar ɗaki, ya aika wa tsohuwa, ya yi aure, 'ya'ya suka zo. Sa'an nan aka yi fari mai tsanani a 1973, a 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta lalata gyaɗa. Sannu a hankali dalar gyaɗa ta ɓace. Baffa ya koma wata masaƙa a Bompai, ya yi shekaru yana aiki gaban injin. Da aka rufe masaƙar, sai ya zama mai gadi.

Duk wannan bai raba shi da noma ba. A bayan ɗakinsa akwai wani ɗan fili da bai fi tabarma uku ba. Nan yake shuka kuɓewa da yakuwa da masara, abokan aikinsa suna yi masa dariya, suna ce masa sarkin noma. In an yi ruwan fari cikin dare, ba ya iya barci. Kuma yana da dabara. In ya sami kwasan adashi, ba ya sayen riga ko agogo. Akuya yake saye, ko tunkiya, ya kai wa ƙanwarsa kiwo a Rimin Gado. Ya san ƙasarmu ba ta hutawa, kowace shekara sai an nome ta, saboda haka taki ne ranta. A wancan zamani mutanen karkarar Kano har jakuna sukan kora zuwa birni da itace, su komo da mangala cike da taki. Ni a ganina, da awakin nan ya fara noma, tun gona ba ta dawo hannunsa ba.

Da su kuwa ya fanshe ta. Lokacin maƙwabcin nan ya rasu, sai 'ya'yansa. Suka ce su dai sun tashi sun ga ubansu yana nomanta. Aka je gaban mai unguwa, aka kira dattawa biyu da suka shaida jinginar, suka faɗi gaskiya. Baffa ya sayar da awaki, ya biya abin da aka yanke, ya karɓi gonarsa. A ran nan gemunsa ya riga ya yi fari fat.

Ƙarfin da zai yi noma da shi ya tafi wajen dako, amma sanin yana nan. Shi ke riƙe sungumi yana sara, jikoki suna bi suna zuba iri. Yakan shuka gero da dawa, daga baya ya sa wake a tsakani, don in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Harawar wake ta dabbobi ce, su kuma su ba da taki. Ya hana a sare gawon nan, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki.

Birni ya yi ta matsowa ta hanyar Gwarzo, filaye suka yi tsada. Wata rana dillali ya zo, ya taya gonar da kuɗin da Baffa bai taɓa riƙewa ba, za a yanka ta fuloti. Baffa ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ba ta sayarwa ba ce.” Ya saɓa fartanyarsa, ya koma maimai.